Gilashin da Ke Buɗe Hoto

Jinya ce ta kai ni Mumbai. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gwiwarsa ta dama ta cinye, likitoci suka ce sai an sauya ta. 'Ya'yansa babu mai sararin barin aiki wata guda cur, sai shawara ta tsaya a kaina, tunda sana'ata ta ɗaukar fim ba ta da ranar shiga ofis. Muka sauka a ƙarshen daminarsu, cikin watan Satumba, iska ta yi nauyi da laima, riga tana manne wa mutum a baya tun kafin ya fita daga filin jirgi.

Daren da za a wayi gari a yi masa aiki, barci ya ƙaurace wa Kawu. Na kashe fitilar ɗaki na bar ta banɗaki, muna jin ruwa yana dukan taga, ya shiga ba ni labarin ƙuruciyarsa don ya kore fargaba. Ya ce zamanin Shagari, shi da abokansa ba su da wurin zuwa bayan isha'i sai silima. Ya lissafo su kamar mai kiran sunayen 'yan uwa: Plaza a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, Marhaba, El Dorado. Sannan ya ce akwai wani dare a ɗaya daga cikin silimun Kano, ana nuna fim ɗin Dharmendra, wanda suke kira Sarkin Ƙarfi, sai ga shi ya fito a bango siriri, dogo kamar gora, dokinsa ya tsuke kamar an matse shi a ƙofa. Wuri ya kaure da ihu, ana buga kujeru, ana kiran afareto, wato mai haska fim. Can sai hoton ya yi wata girgiza, ya buɗe hagu da dama kamar an yaye labule, Sarkin Ƙarfi ya dawo da ƙirjinsa, duwatsu da fili suka cika bango daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Kai da kake wannan sana'a," in ji shi, "me ya faru a daren nan? Shekara arba'in ina tunanin abin."

Na ce, "Kawu, gilashi ɗaya afareton ya manta bai sa ba. Kuma irin gilashin nan ne na yi shekara biyu ina tara kuɗinsa."

Ga yadda abin yake. Gurbin hoto a jikin zaren fim ɗan ƙarami ne, kuma kusan murabba'i: in tsayinsa uku ne, faɗinsa huɗu. Wani masanin taurari ɗan Faransa, Henri Chrétien, ya ƙera gilashi a shekarun 1920 wanda ya sha bamban da sauran. Gilashin kyamara na yau da kullum gefensa zagaye yake ta ko'ina kamar bayan ƙwarya. Nasa kuwa lanƙwasarsa ta fuska ɗaya ce, kamar an tsaga kwalba a tsaye an ɗauki ɓari. Saboda haka yana matse hoto ta faɗi kawai, ya bar tsayi yadda yake. Fili mai faɗi biyu sai ya shige gurbi mai faɗi ɗaya, mutane su tsuke a ciki. In an zo nunawa, sai a sa irin gilashin a bakin injin majigi ya warware matsin, kowa ya koma siffarsa, hoto ya ninka faɗi. Chrétien ya sa masa suna Hypergonar, ya yi shekaru babu mai kula shi sosai. Sai da talabijin ta fara kwashe wa gidajen silima 'yan kallo a Amurka, kamfanin 20th Century Fox ya nemo tsohon ya sayi fasaharsa, ya raɗa mata CinemaScope, ya fitar da fim ɗin The Robe a Satumbar 1953. Masu sana'a suna ce wa irin wannan gilashi anamofik. Ni gilashin matsi nake ce masa, kuma duk wanda na faɗa wa haka a lokeshan yana ganewa nan take.

Kawu ya yi shiru, ya ce, "Ashe siririn shi ne na gaskiya a jikin zaren." Na ce shi ne. Bai daɗe ba barci ya ɗauke shi.

Abin da ban faɗa masa ba a daren shi ne dalilin da ya sa gilashin ya tsaya mini a rai. Fim ɗin Hausa a kaset aka haife shi. Tun daga Turmin Danya a 1990, kyamarar bidiyo muka sani, akwatin talabijin muke yi wa aiki, hoto a tsuke kamar tagar ɗakin soro. Mun ɗauko waƙa daga Indiya, mun ɗauko rawa, mun ɗauko saurayi ɗaya 'yan mata biyu, amma faɗin nan da iyayenmu suka kalla a bangon silima, shi ba mu ɗauko ba. Yanzu da kyamarori suka inganta, abin da yawancinmu ke yi shi ne mu shafa baƙi a sama da ƙasan hoto wajen tacewa, don ya yi kama da na silima. Wannan yanke hoto ne, ba ƙara shi ba. Alhali ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rayuwarmu ma a jere take. Dubi sahun idi. Dubi dawakai a hawan daushe, ko dattawa a kan dakali, ko tsakar gida inda uwargida ke bakin ƙofarta, amarya na bakin tata, igiyar shanya a tsakaninsu. In ka ɗauki wannan da ƙunƙuntaccen hoto, dole ka yanka: ga fuskar wannan, ga fuskar waccan. In kuwa hoton yana da faɗi, sai ka bar su biyun a ciki, tazarar da ke tsakaninsu ta yi magana, ba sai kowa ya buɗe baki ba.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Kwana biyu ban matsa daga gefen gado ba. Ranar Alhamis Kawu da kansa ya kore ni. "Tashi ka je ka nemo abinka. Zaman me kake yi kana kallona kamar mai gadin gawa?"

Daga unguwar Andheri na hau keke mai ƙafa uku zuwa tasha, irin A Daidaita Sahunmu sak, don daga ƙasar ake kai mana su, sai dai nasu baƙi da rawaya ne kuma da mita. Ba a barinsu su shiga tsohon gari can kudu, saboda haka jirgin ƙasa ne hanya. Ban taɓa ganin cunkoso irin na jiragen nan ba. Ƙofofi a buɗe, mutane na reto a bakinsu, in jirgi ya tsaya ba kai kake shiga ba, taro ne ke shigar da kai. Na rungume jakar kyamarata a ƙirji, muka wuce Bandra, muka wuce Dadar, har Churchgate inda layin ya ƙare.

Na fara da shagunan kyamara na titin D.N. Road a unguwar Fort, ƙarƙashin dogayen barandu na gine-ginen zamanin Ingilishi. Kaya sababbi fil a cikin gilasai. Wani mai shago ya ciro mini gilashin matsi na kamfanin Sirui na ƙasar Sin, a kwalinsa, ya ɗaura mini a kyamara. Gaskiya abu ne mai kyau, mara nauyi, zobe ɗaya za ka murɗa hoto ya fito tas, kuma wanda ke da aikin biki gobe da safe shi ya kamata ya saya. Amma matsinsa kaɗan ne, kashi ɗaya cikin uku kawai yake ƙara wa faɗi. Ni mai ninkawa biyu nake nema, irin na da, wanda ke mayar da fitilun bayan mutum su zama dogaye kamar ƙwai a tsaye, ya sa bango ya narke a bayan fuska. Gilasan da aka ƙera don ɗaukar manyan finafinai, irin na Panavision, haya ake bayar da su, ba sayarwa ba, tsofaffin LOMO na Rasha kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin irina. Abin da talakan mai fim ya gano shi ne, gilashin da aka yi don bakin majigi, wanda aikinsa warware hoto, in ka ɗora shi a gaban kyamara sai ya matse. Hanya ɗaya ce, haske ne kawai ya juya. Mai shagon ya saurare ni har na gama, ya yagi takarda ya rubuta mini kalmomi biyu: Mutton Street.

Kuskurena na farko shi ne zuwa ranar Juma'a. Yawancin 'yan kasuwar Chor Bazaar, inda Mutton Street yake, Musulmi ne, shaguna a rufe, sai masu baza kaya a ƙasa sun cika titi da tsofaffin takalma da wayoyi da sifanu. Ban yi asara ba. Na bi jama'a zuwa Masallacin Minara a titin Mohammed Ali, na yi sallah a cikin sahun da ya malalo har kan kwalta, na ci shinkafa da naman akuya a wani ɗan shago, na koma asibiti.

Ranar Asabar na sauka a tashar Grant Road na taka da ƙafa. Sunan kasuwar yana nufin kasuwar ɓarayi, ko da yake mutanen wurin za su gaya maka asalinsa Shor Bazaar ne, wato kasuwar hayaniya, bakin Turawa ne ya karkatar da shi. Hayaniyar dai tana nan. Ana sare tsofaffin motoci da guduma a wani lungu, awaki na kwance a kan matakala, sama kuma dogayen benaye sababbi suna ta tashi, don ana rushe tsohuwar unguwar Bhendi Bazaar ana sake gina ta. A Mutton Street kowane shago kamar ɗakin ajiyar wani zamani ne. Garmaho mai ƙaho, agogunan bango da kowanne ke faɗin nasa lokacin, fitilun tagulla da aka ciro daga jiragen ruwa, akwatunan ƙarfe. A ƙofar wani shago na tsaya cak gaban hoton tallan Mother India na 1957, Nargis ta saɓa garma a kafaɗa. Fim ɗin nan babu tsohon ɗan kallo a Kano da bai san shi ba. Na ɗauki hotonsa a waya don in nuna wa Kawu.

Wani saurayi mai shagon tsofaffin kyamarori ya gane abin da nake nema tun kafin in gama kwatance. Ya shiga ciki ya fito da wani ƙaton gilashi ruwan zinare, Isco na Jamus, ya dire shi a kan tebur da hannu biyu. "Asli," in ji shi. Kalmar ta faɗo mini a kunne kamar a Kasuwar Kurmi: na asali. Ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai, da kalmomin Larabci da harsunanmu biyu suka ara, su suka riƙe ni a kasuwar nan. Duniya duniya ce a wurinsu, labari khabar, ƙima qeemat. Na ɗaga gilashin na ji nauyinsa, na san ba zai zauna a gaban ƙaramar kyamarata ba sai da ƙarafa, kuma irinsa an yi shi ne don bango mai nisa, ba ya ganin abin da ke kusa. Na ce ƙarami nake so, na majigin milimita 16. Saurayin ya duba wayarsa, ya duba ni, ya ce in biyo shi wurin Chacha.

Matakalar katako ce, ƙunƙunta, mai duhu, igiya a madadin abin riƙewa. A sama ɗaki ne guda, taga ɗaya, fanka na juyawa a hankali. Dattijo ne siriri, gemunsa ja da lalle, farar hula, yana zaune a kan tabarma a tsakiyar gawarwakin injinan majigi. Na yi sallama, ya amsa ta cikakkiya, ya nuna mini wuri kusa da shi. Da ya ji daga Nijeriya nake, kuma a garinmu an yi zamanin da ake cika silima don fim ɗin Indiya ba tare da fassara ba, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya juyo gaba ɗaya.

Ya ce shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin majigi, a wata silima da ke nan kusa wadda yanzu babu ita. Ya kwatanta mini aikin da hannuwansa. Injina biyu gefe da gefe, kowane naɗi na zare minti ashirin ko ƙasa da haka, wutar gawayin lantarki tana ci a ciki, zafi kamar gidan burodi. In naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan tabo yana bayyana a kusurwar sama ta dama, afareto ya tayar da inji na biyu, tabo na biyu ya fito, ya juya haske, 'yan kallo ba su san an sauya ba. Ya ce a fim na yau da kullum tabon zagayayye ne, a fim mai faɗi kuwa sai ya fito a miƙe kamar ƙwai a kwance, domin gilashin da ke buɗe hoto yana buɗe shi har da tabon. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka fara sauya injinan da na dijital, cikin shekara goma zare ya zama tarihi. Injinan da ya yi rayuwarsa yana shafa musu mai, a kilo aka sayar da su. Shi ne yake bin masu gwangwan yana ciro gilasan kafin guduma ta kai gare su.

Na ba shi labarin daren Kawu da Sarkin Ƙarfi. Bai yi dariya ba. Ya dafa ƙirji ya ce shi ma ta taɓa faruwa da shi sau ɗaya, bayan tallace-tallace ya manta bai juyo gilashin ba, kuma har yau yana jin ihun a kunnensa.

Ya jawo wani akwatin ƙarfe ya ciro guda uku, kowanne a naɗe cikin tsohuwar safa. Ɗaya Sankor, biyu Kowa, duka 'yan Japan. Kamfanin Kowa a birnin Nagoya yake, kuma da sayar da yadin auduga ya fara a 1894, kamar wani ɗan Kantin Kwari, kafin ya shiga harkar magani da gilashi. Samfurin da ake rubuta wa Prominar 16-H shi masu ƙananan finafinai suke farauta a duniya, saboda gilashinsa na baya yana da faɗi, haske na wucewa sosai, nauyinsa kuma bai fi rabin kilo da ɗan wani abu ba. Da na ga rubutun a jikin biyun sai da zuciyata ta buga. Na kai hannu kan wanda ya fi ƙyalli.

Chacha ya riƙe mini wuyan hannu a hankali. "Ɗana, ba da fenti ake ɗaukar hoto ba." Ya miƙo mini ƙaramar tocila, ya tura ƙyauren taga ɗaki ya yi duhu.

Ya sa na fara da Sankor. Na haska ta baya na leƙa ta gaba, a karkace, ba kai tsaye ba. A gefe ɗaya sai ga wani launi kamar bakan gizo, irin wanda man mota ke yi a kan ruwan kwata. Ya ce wannan rabuwa ce. Gilasan ciki bibbiyu ake manna su, a da da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Kanada, in shekaru suka yi yawa, zafi da laima suka yi ta shiga suna fita, sai mannin ya fara saki daga baki yana cin ciki. Ba ya tsayawa, kuma gyaransa sai an raba gilasan an sake manna su, aikin da kuɗinsa ya fi na gilashin. Muka ajiye shi.

Mai ƙyallin kuwa, tocila ba ta nuna komai ba. Babu hazo, babu funfuna, babu ƙarzuwa. Na ce shi ke nan, na samu. Ya buɗe taga ya ce in ɗora a kyamara. Kyamarata Panasonic GH5 ce, a bakinta akwai tsohon Helios na Rasha mai milimita 58, domin gilashin matsi ba ya aiki shi kaɗai, sai ya hau kan wani. Ba ni da zoben ɗaurewa, sai Chacha ya yanko guntun bututun roba ya naɗe shi da tsohon tayar keke, ya haɗa su biyun suka zauna daram. Ya nuna mini benen da ake ginawa a tsallaken titi, wanda aka kewaye da sandunan gora, wasu a tsaye wasu a kwance. Ya ce in saita.

Saitin irin wannan gilashi sau biyu ne, kuma nan wahalarsa take. Sai ka murɗa na gaba zuwa nisan abin da kake ɗauka, ka koma ka murɗa na baya zuwa nisa ɗaya, ka yi ta kai da komo har su yarda da juna. Na yi. Sandunan tsaye suka fito, na kwance suka dushe. Na gyara, na kwance suka fito, na tsaye suka dushe. Na share gumi na sake. Minti goma ina fama, hoto ya ƙi tsayawa, kamar idon da ke buƙatar tabarau. Chacha ya karɓa ya juya shi, ya nuna mini kan wasu ƙananan kusoshi a gefe. Bakinsu a cinye. Wani ya taɓa buɗe shi don ya wanke, shi ya sa yake ƙyalli, amma da ya zo mayarwa, gilashin gaba da na baya ba su koma kan layi ɗaya ba. 'Yar karkata kaɗan ta isa ta hana hoto fitowa tas. Da ta intanet na saya, hotunan talla za su nuna mini gilashi garau, in biya, in zo Kano in yi ta zargin hannuna.

Na uku shi ne mummunan. Fentinsa ya goge har farin ƙarfe ya fito, bakinsa ya ɗan lotsa a gefe ɗaya, an taɓa rubuta wata lamba a jikinsa da jan fenti. Tocila ta nuna ƙura a ciki, da wani siririn zare fari a can gefen gilashin gaba, mai rassa kamar saiwar gero. Funfuna ce, ciwon da daminar Mumbai ke sa wa kowane gilashi da aka rufe a akwati. Amma kusoshinsa lafiya lau, ba a taɓa sa musu sukundireba ba. Na ɗora shi, na murɗa na gaba, na murɗa na baya, sai sandunan gora suka tsaya gaba ɗaya, na tsaye da na kwance, har igiyar da aka ɗaure su da ita ina gani. Wani lebura yana tafiya a kansu da kwano a ka, siriri, dogo, kamar Sarkin Ƙarfin Kawu.

Na daɗe ban sauke kyamarar ba.

Aka kira azahar, muka sauka tare muka yi sallah a wani ƙaramin masallaci a lungun, muka dawo ya aika yaro ya kawo shayi a ƙananan kofunan gilashi, rabi-rabi, mai citta da madara. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya tambaye ni ko na san Kaagaz Ke Phool. Na san shi. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da aka yi da CinemaScope, a 1959, baƙi da fari, Guru Dutt ya ba da umarni kuma ya fito a ciki, V.K. Murthy ya riƙe kyamara. Labarin wani darakta ne da duniya ta yi da shi sannan ta juya masa baya. Akwai wurin da haske ke saukowa kamar ginshiƙi a tsakiyar wani makeken ɗakin ɗaukar fim, namiji a wannan gefe, mace a wancan, duhu da fili a tsakaninsu, kuma da madubai aka jawo hasken rana aka yi shi. Abin da nake so in yi da tsakar gidanmu ke nan, an riga an yi shi tun kafin a haifi mahaifiyata. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacinsa, Guru Dutt bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba, ya rasu a 1964 yana da shekara 39. Yau kuwa ana koyar da shi a makarantun fim. Chacha ya ce shi a wata maimaitawa ya taɓa haska shi, kujeru kusan babu kowa, ya tsaya a ƙaramar tagar ɗakin majigi ya kalle shi daga farko har ƙarshe.

Sannan ya faɗi kuɗi: rupi dubu talatin. Na ambaci funfunar, na ambaci lotsawar, na taya dubu goma sha takwas. Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba a'a ba ne ba kuma i ba, na fahimci albarka yake cewa. Saurayin da ya kawo ni ya sa baki, ya nuna mini a wayarsa abin da ake sayar da irinsa a ƙasashen Turai, kuma ba ƙarya ya yi ba, ya ninka haka. Muka yi ta ja cikin mutunci har muka tsaya a dubu ashirin da uku. Chacha ya ɗora mini da wani faifan gilashi na ƙara kusanci, saboda Kowa ba ya ganin abin da bai kai nisan mita ɗaya da rabi ba, in kana son fuska ta cika hoto sai da shi.

Na roƙe shi ya buɗe ya goge mini funfunar. Ya ƙi. Ya ce tana gefe, ba za ta fito a hoto ba, kuma wanda ya buɗe wancan ma da kyakkyawar niyya ya buɗe. Ya tambaye ni yanayin garinmu. Na ce muna da watanni da leɓe ke tsagewa don bushewa, hazo ya rufe rana, ƙura ta shiga ko'ina. Fuskarsa ta washe. Ya ce can ne maganinta, funfuna ba ta rayuwa inda babu laima. In riƙa fito da shi yana shan haske, kada in kulle shi a jaka da damina. Ƙura kuwa, kada in kuskura in goge ta da bakin riga, in hure ta tukuna, don ƙurar da aka murza ita ce ke cinye rufin gilashi. Ya mayar da shi cikin safarsa, ya miƙo mini da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu.

Ban koma asibiti kai tsaye ba. Na tari baƙar tasi mai rawayan kai na ce Marine Drive, titin da ya lanƙwasa a bakin teku fiye da kilomita uku. Na isa rana na faɗawa ruwa. Na zauna a kan dakalin da mutanen gari ke shan iska, na kafa kyamara a kan gwiwa. Akwai aiki ɗaya da ya rage, daidaita gilashin a tsaye, don in ya ɗan karkace sai gine-gine su jingina kamar rumfar da iska ta tura. Na auna fitilar wata mota, na juya shi a hankali har wutsiyar hasken ta kwanta daidai, ta ratsa hoton daga gefe zuwa gefe, launin zuma da ɗan shuɗi a bakinta. Fitilun titi suka kama ɗaya bayan ɗaya. Na saita a kan wani yaro mai sayar da gyaɗa da ke kusa, sai duk fitilun bayansa suka zama dogayen ƙwayaye suna rawa a kan ruwa. Gefen hoton bai kai tsakiyar kaifi ba, kuma in mutum ya matso sai na sake saiti biyu daga farko. Na san zan sha wuya da shi a lokeshan, 'yan wasa za su gaji da jira, dole in auna nisa da igiya in yi wa kowa alama a ƙasa. Na yarda da wannan tun ina zaune a wurin.

Washegari da safe aka ce Kawu ya fara takawa. Ma'aikaciyar jinya ta riƙe shi ta hagu, ya dafa ƙarfen tafiya, ya fito dogon barandan asibiti yana ja da ƙyar, yana ambaton Allah a kowane taku. Na koma ƙarshen barandan na durƙusa, na saita sau biyu, na ɗauka.

Da ya koma gado na miƙa masa kyamarar. Ya sa tabarau ya ƙura wa ɗan allon ido. Ga shi nan siriri, dogo, rigar asibiti ta tsuke a jikinsa.

"Shi ne wallahi," ya ce a hankali. "Haka ya fito. To, buɗe shi."

Na danna, hoton ya warware. Ga Kawu a tsakiya, ga ma'aikaciyar a gefensa, ga wata tsohuwa a kan keken marasa lafiya can hagu tana kallonsa, ga taga can dama da ruwan sama a jikinta, fitilar rufi ta ja dogon layi a saman kawunansu duka. Ya kalla har ya ƙare, ya ce in mayar, ya sake kallo.

"In Allah ya mayar da mu gida lafiya," in ji shi, "ka zo da shi ranar sallah. Ka tsaya daga bakin zaure. Ina ganin duk gidan za su shiga, har da Hajiya a ƙofar ɗakinta."